Jarumin Gidanmu da Jar Shinkafar Kaka

Ranar wata Asabar ce, a kakar shekarar da nake aji huɗu, tun Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato. An idar da sallar asuba, gari ya fara haske, ni kuwa ina tsaye a ƙofar zaurenmu a Nassarawa da ƙaton goran su, irin na masunta, a kaina, igiyar jaka, wato macen jaki, a hannun dama, igiyar ɗan akuya a hannun hagu. Yaran unguwa sai wucewa suke yi zuwa fadama, kowa da majajjawarsa da ƙunshin ɗumamensa, wasu har da ɗan gudu. Yayana Bello yana cikin zaure yana naɗa rawani. Ya naɗa ya kwance, ya sake naɗawa ya sake kwancewa, wai bakin rawanin bai faɗo a kafaɗar da ta dace ba. Rawanin ma ba rawani ba ne, tsohon zanen gadon Baba ne da ya yage biyu. Na ce masa, "Yaya, rana ta hito, tsuntsu na can na ci muna shinkahwa." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Jarumi ba shi hita da gaggawa." Ƙwalla ta cika mini ido don takaici, ga shi ba ni da hannun sharewa.

Shinkafar da nake magana ba irin ta kowa ba ce. Jar shinkafa ce mai bin ruwa, wadda ake shukawa da ruwan fari, in kogi ya kawo ta riƙa tsawo tare da shi, in ya janye ta kwanta ta nuna. Kakarmu ta wajen uwa, wadda take zaune a Argungu, ita ce ta riƙe irin nan shekara da shekaru, bayan duk danginta sun koma shuka fara. Tuwonta ja ne mai danƙo, yana da wani ƙamshi da ke cika gida tun ana talge. Da bazarar shekarar nan Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Bayan an share makoki, Kawu, ƙanen Innarmu, ya zo Birnin Kebbi da abin da ya rage na irin a cikin ɗan buhu, ya shuka shi kaf a gayaunar Inna da ke fadama, can gangaren gari ta wajen hanyar Zauro. Ko ƙwaya ba a ajiye ba, don dama bai taka kara ya karya ba. Kawu da kansa ya ce ya bincika bai san wani mai irinsa ba. Ke nan abin da ke tsaye a wannan ɗan fili shi ne ƙarshen shinkafar Kaka a duniya, kuma kowa a gidanmu ya san haka.

Amma Kaka ba shinkafa kaɗai ta bari ba, ta bar labarai, kuma su ne suka ja mini wahala. Duk hutun da aka kai mu Argungu, a gindin murhu muke wuni tana gumin shinkafa, muna tura mata itace muna taya ta shanya, tana ba mu labarin mazan jiya. Jaruman Kaka ba su da suna, "wani namiji" kawai take cewa, amma kayansu ta san su ɗaya bayan ɗaya kamar ita ta haɗa musu. Akwai takobin da maƙeri ya tsufa yana ƙerawa, wanda ba a mayar da shi kube sai ya ɗanɗana jini. Akwai dokin da ke jin magana, da rigar layu wadda ƙarfe ke narkewa in ya taɓa ta, da garkuwar fatar giwa, da karen da ke shinshino mugunta tun tana bayan dutse. Da yake ita Bakabiya ce, 'yar bakin kogi, ba ta yarda a yi jarumin da ba ya shiga ruwa ba, don haka sai ta ƙara masa gora da mashin kifi, ta ce yana iya wuni a ƙarƙashin kogi yana hira da kada. Sannan ta zo kan hali. Jarumi ba ya waiwaye, ba ya gudu, ba ya tambayar hanya, ba ya cin abinci a gaban mutane, kuma ba ya ɗaga murya. Maroƙinsa ne ke ihu a gabansa, shi kuwa tsayawa kawai yake yi, kwarjininsa ya watsa rundunar abokan gaba. Ni ina ji ina tsince tsakuwa a shinkafa, ina ɗaukarsa abin rage rana. Bello kuwa baki buɗe yake saurare, har itace ya ci ya faɗo daga murhu bai sani ba.

Da Kaka ta rasu ban ga hawayen Bello ba ko sau ɗaya. Abin da na gani shi ne kayan gida sun fara ɓata. Ƙarfen tsohon gadon Baba ya koma takobi, bayan ya wuni yana dukansa da dutse a bayan gida har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Murfin babbar tukunyar Inna ya zama garkuwa, aka koma rufe miya da faifai. Ya bi unguwa da filin makaranta yana tsintar kwalin ashana, ya naɗe kowanne da tsumma, ya kawo mini tsohuwar rigarsa ta makaranta ya ce in ɗinke masa su gaba da baya, rigar layu ke nan. Yatsuna sun sha allura ba kaɗan ba. Doki kuwa, jakarmu ce ta ɗibar ruwa, tsohuwa mai taurin kai wadda ko maganar mai ita ba ta ji, balle ta jarumi. Kare ne ya gagara, don unguwarmu ta malamai ce, ba mai barin kare ya kwana masa a gida. Sai ya ɗauki ɗan akuyar Inna ya ce shi ma yana da hanci. Goran su kuma na gidan Kaka ne, ya roƙa wajen Kawu, ƙato ne har ni kan iya shigewa ciki in da bakinsa ya isa. Da kaya suka cika sai ya dube ni ya ce saura maroƙi. Na waiwaya in ga da wa yake, ba kowa a tsakar gidan sai ni da kaji.

Da farko abin bai dame ni sosai ba, wasa ne na bayan makaranta. Sai shinkafa ta fitar da kai ta yi nono, lokacin tsaron tsuntsu ya zo. Duk ɗan fadama ya san jan baki. Ƙanana ne, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma in sun taso tare sai su rufe rana, kuma in sun sauka a gona, kafin a tafasa ruwan koko sun bar wa mai ita ƙaiƙayi. Ba su da magani sai hayaniya. Ana kafa rumfa bisa sanduna a tsakiyar gona, a ja igiyoyi daga gare ta zuwa kowace kusurwa, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mai tsaro ya hau rumfa ya riƙa jan igiya, yana jifa da curin laka a majajjawa, yana ihu tun hantsi bai yi ba har rana ta faɗi. A makonnin nan rabin ajinmu ba ya zuwa makaranta, malamai ma sun saba, in an kira suna sai a ce "shina hwadama", a wuce. Baba ya tafi fataucin albasa kudu, Inna tana kulle kamar sauran matan unguwa, don haka gayauna ta faɗo hannuna da na Bello. Shi yana da shekara goma sha biyu, ga ƙarfi, ga murya kamar ta mai tallan kananzir. Da ya ga dama, shi kaɗai ya ishi gonar nan.

Bai ga dama ba. Kullum mu ne na ƙarshen isa fadama, don sai an yi shirin yaƙi a zaure. Inna ta sha leƙowa ta ce, "Bello, ba a hwahe gora ranat tahiya," shi kuwa ya ce ai ya kusa. A hanya ba ya waiwaye, saboda haka in gora ya faɗi, ko ɗan akuya ya shige gonar wani, ko jaka ta kafe a bakin laka ta ƙi gaba ta ƙi baya, duk ni ce da su. Ba ya gudu, ko da muna hango tsuntsu yana sauka. In mun isa sai ya hau rumfa, ya gyara rawani, ya dafa takobi, ya tsaya ƙiƙam yana kallon gabas. Ihu aikina ne. Kuma ba ihun kora kawai ba, wai sai na haɗa da kirari, don tsuntsaye su san wanda ke tsaye. Ina cikin laka har gwiwa, ina zagaya gona ina cewa, "Sai kai na Inna, giwa karya itace! Hai! Hai!" yaran gonakin kusa suna riƙe ciki don dariya. Igiyar gwangwani da Kawu ya ja mana, Bello ya kwance rabinta ya yi wa jaka linzami, gwangwanayen ya rataya mata a wuya wai ƙararrawar doki. Ɗan akuya kuwa, maimakon ya shinshino mugunta, kan shinkafa yake shinshinowa ya ci. Da rana in na kwance ɗumame, jarumi ba ya ci a gaban mutane, sai na juya masa baya, in na juyo kuma in tarar ya cinye har da rabona.

Ba shiru na yi ba, kada wani ya ce na yi shiru. Na kai ƙara wajen Inna har na gaji. Na farko ta yi dariya. Na biyu ta kira shi ta yi masa faɗa sama-sama, shi kuwa ya tsaya a gabanta da rigar ashanarsa ya fara jero mata kayan jarumi, da muryar Kaka sak, har da yadda take jan numfashi kafin ta ambaci takobi. Sai na ga idon Inna ya kawo ruwa, ta juya tana gyara wuta wadda ba ta bukatar gyara. Da ya fita ta ce mini, "Hajo, ƙyale shi. Kowa da yadda yaka kukan nashi." Na ce to ai tsuntsu bai san da wannan ba. Ta ce in rage baki. Na kwanta ranar ina jin haushin kowa, har da Kaka, Allah ya jiƙanta, wadda a duk labaranta ba ta taɓa faɗin wanda ke ɗaukar wa jarumi gora ba, ko yadda wuyansa ke kwana.

Ranar Asabar ɗin nan da na fara da ita, da muryata a dishe na tashi. Kwana da kwanaki ina ihun mutum biyu, maƙogwaro ya ce ya gaji. In na buɗe baki zan yi ihu sai wata iska ta fito kamar ta tsohon zugazugi. Da safe mun samu sauƙi, tsuntsun bai yi yawa ba, na yi ta fama da majajjawa. Bayan la'asar ne suka zo. Na hango su daga wajen kogi kamar hayaƙin gobara, suna murɗawa suna buɗewa. Nan take fadama ta kaure, gwangwanaye na kaɗawa ta ko'ina, yara da manya kowa na ihu a kan gonarsa. Abin da duk mai tsaro ya sani shi ne, tsuntsun da aka kora daga gona mai hayaniya, gona mai shiru yake nema. A duk faɗin wurin nan gona ɗaya ce shiru. Suka zubo mana gaba ɗaya.

Na yi jifa har kafaɗata ta sage. Na ja guntuwar igiyar da ta rage, gwangwani biyu suka yi ɗan ƙara kamar ana zolayar tsuntsayen. Na ɗaga kai na dubi rumfa, ga Bello ya zare takobi ya ɗaga sama, ya turo ƙirji, yana jiran kwarjini ya yi aiki. Wallahi har bakin rumfar wasu suka sauka, dab da ƙafarsa, suna goge baki. Na yi ƙoƙarin kiran sunansa, murya ta ƙi. Sai na dunƙula laka mai tauri na sa a majajjawa, na juya ta iya ƙarfina, na sakar masa. Ban taɓa yin saiti mai kyau irin na ranar ba. Ta same shi a tsakiyar ƙirji, kwalayen ashana suka lotse, ya yi taga-taga. Ya dube ni a fusace, na nuna masa gona. Sai a lokacin ya sauke kai ya duba ƙasa, abin da bai yi ba tun da muka fara tsaro. Ya ga kan shinkafa na rawa ko'ina, ya ga ƙaiƙayi ya rufe saman ruwa.

Tsalle ya yi daga rumfa, ya nutse a laka har cinya. Garkuwa ta kife, rawani ya warware ya naɗe masa ƙafa, takobi ya shige taɓo ba a sake ganinsa ba. Ya fizge rigar layun har ta yage, ya fito daga shi sai gajeren wando, ya ruga cikin shinkafa hannuwa sama. Sannan ya buɗe baki. Ni na zaci "hai hai" zan ji irin na kowa. Abin da ya fito shi ne, "Kaka! Wayyo Kaka! Wayyo Allah Kaka!" da wata irin murya da ta tsaga fadama, har masu gonakin nesa suka tsaya. Yana gudu yana faɗuwa yana tashi, majina da hawaye da laka sun haɗe masa a fuska. Tsuntsaye suka tashi ruu, suka sake yunƙurin sauka, ya sake bin su. Maƙwabta suka zo da gwangwanayensu suka taya mu har garken ya wuce. Amma ihu ne bayan hari. Duk inda na kai hannu na murza, kan shinkafa ba nauyi.

Labari ya riga mu isa gida. Ana kiran magariba sai ga Inna lulluɓe da mayafi, tare da wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Ban taɓa ganinta a fadama ba sai ranar. Ta tuɓe takalmi ta shiga laka, tana bi tana shafa kan shinkafa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kusurwar da ke jikin gonar wani dattijo mai yawan gwangwani. Can ne kaɗai ta tsira, wuri bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ni ina tsaye ina jiran a yi wa Bello dukan da zai biya mini wuyana da maƙogwarona. Ko mari ba a yi masa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ni ta fara duba ta ce, "Hajo, ke kin hwaɗa, ni ce ban ji ba." Sannan ta juya wajensa, yana tsugune yana rawar sanyi, ta ce, "Wagga kusurwa ita ta rage muna. Ka iya tsaronta, ko in nemi wani?" Da ƙyar aka ji shi ya ce ya iya.

Ya kuwa tsare ta. Tun ba a gane fuskar mutum yake fita, a guje, ba jaka ba akuya, ba ya dawowa sai tsuntsu ya kwanta. Masu gona suka ce ko kurciya ta gifta sai ya yi mata ihu. Da aka yanke aka sussuke, abin da aka samu ƙwarya ɗaya ce, ita ma ba ta cika ba. Inna ta zuba a tulu, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka ta tura ƙarƙashin gadonta. Shekarar nan ko ƙwaya ba mu ɗanɗana ba, haka ma ta bayanta, duk abin da aka samu iri ake mayarwa. Sai a kaka ta uku Inna ta ce yanzu ana iya taɓawa. Ta yi gumi da hannunta, ta tuƙa tuwo da miyar kifi, ƙamshin nan ya cika gida har Baba ya baro zaure ya shigo ba a kira shi ba. Akushin farko Bello ta ajiye wa. Ya wanke hannu, ya gutsuro loma, ya riƙe ta yana kallo, sai ya mayar ya tashi ya fita. Inna ta bi shi da ido. Ni kuwa na cinye nawa na jawo nasa na haɗa, don na daɗe ina bin sa ɗumame.

Yanzu in na bi ta fadamar nan ba na gane ta. Injinan ban ruwa ke ruri rani da damina, farar shinkafa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, 'yan acaɓa na sauke ma'aikata a bakin gona. Yaran da ke gida labarin jarumai a waya suke kallo, kuma ba wanda ya taɓa cewa a ɗinka masa riga. Inna ta riƙe jar shinkafa har ƙarshen ƙarfinta. Bayan ta rasu muka watsu, ni aure da aikin koyarwa, Bello aikin ofis, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya ajiye tulun, har irin ya mutu a ciki ba tsuntsu ko ɗaya. Bara na zagaya kasuwar Argungu ina tambayar masu awo, wasu suka nuna mini wata ja da ba ita ba, wasu suka ce sun dai ji iyayensu na faɗi. Daga can na kira Bello, da furfurarsa da jikokinsa, na fara yi masa faɗa kamar jiya abin ya faru. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce, a hankali, "Hajo, kin tuna ƙamshinta? Ni tun rasuwar Kaka ban ci ba." Na tsaya a tsakiyar kasuwa da waya a kunne. Da na sani, da na rage masa loma ɗaya.